Gogen Caina da Bulus ya bari a bangona

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne mijina Bulus, kuma har yau ba na iya share ɗakinsa ban kalli bango ba. Akwai wani goge rataye a wurin. Ba irin namu ba ne, na mutanen Caina ne: dogon wuya, ɗan ƙaramin ciki da aka rufe da fatar maciji, tsirkiya biyu, sandan gugar kuma a maƙale yake tsakaninsu, ba ya fita. In iska ta bugo taga sai ya yi wani ɗan nishi. 'Ya'yana sun ce iska ce. To, iska ce.

Ni ba marubuciya ba ce. Sai da na yi jikoki na shiga ajin manya na cocinmu a Unguwar Boro na koyi baƙi. Wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri, maganar dai a miƙe take.

Bulus ya yi aiki a masaƙa a Kakuri, lokacin da injin ke kuka ba hutu. Akwai wani tsoho ɗan Caina mai gyaran inji, suna ce masa Mista Lau. Da tsakar rana in kowa ya tafi cin abinci, shi sai ya zauna bayan sito yana goga abin nan. Bulus ya tsaya saurare, har ya zama ɗalibi. Tsohon ya rubuta masa waƙoƙin cikin littafin makaranta, ba da kalmomi ba, da lambobi: ɗaya zuwa bakwai, da ɗige-ɗige sama da ƙasa. Da zai koma ƙasarsu ya ba shi gogen, ya ce daga hannun malaminsa ya karɓa, malamin ma daga nasa. Abu ɗaya ya roƙa: Bulus ya koya wa mutum ko da ɗaya ne.

Ya yi ƙoƙari, ni ce na hana. Ya tara mutum uku a tsakar gidanmu ranakun Asabar. Mai koyon goge kuwa, kamar ana yanka akuya da wuƙa marar kaifi. Ga matan zumunta sun fara yi mini habaici, wai gidan dattijon coci ya koma gidan bori. Na fito da muciya a hannu na ce wanda ya sake zuwa zai ga aiki. Ba su sake ba. Bulus ya ɗauki abinsa ya rataye a bango. Da ma ya yi faɗa, da na samu abin ramawa.

Littafin kuma, bayan rasuwarsa na ga lambobi ne kawai, na ɗauka tarkacen masaƙa ne. Da shi na riƙa ƙunshe wa mutane gyaɗa a bakin titi. Rashin sani ya fi dare duhu. Sai da na iya karatu na ga rubutun Bulus a saman ɗaya daga cikin shafukan da suka rage: "Waƙar ruwan sama, a hankali." Shafi uku na tsira da su.

Bara 'yata ta nuna mini a waya wata makaranta a can Caina, yara cike da aji, kowanne da gogensa a cinya, malama na bi tana gyara musu yatsu. Wai haka suke yi don kada tsofaffin kayan kiɗansu su mutu. Na ce ta kashe. Me Bulus zai ce in ya gani? Na san shi, ba zai zarge ni ba, zai dai ce, "Ladi, kin ga ashe ba bori ba ne." Masaƙar ta rufe, ciyawa ta cinye ta. Masu gurmi da molo na ƙauyenmu ma haka suke tafiya ɗaya bayan ɗaya, ana binne su da abin da ke yatsunsu.

Na shiga keke na je Sabon Tasha neman Emeka makanike, ɗaya daga cikin ukun da na kora. Na same shi ya yi furfura. Ya ce, "Mama, kin zo da muciyar ne?" Na ce, "Rufe mini baki, ka wanke hannun nan ka zo gida." Ya ce, "Ni fa riƙewa kawai Baba ya koya mini kafin ki yi mana sallama." Na ce riƙewar ma wani abu ne, da babu gara ba daɗi.

Yanzu duk Asabar yana zuwa. Ni in karanta lambobi, shi ya lalubo su da yatsu masu baƙin mai. Har yanzu akuyar ake yankawa, amma wani lokaci sai murya ta fito tsaf, irin ta da, sai in ji kamar akwai mutum na uku zaune a kan benci. Inda shafi na uku ya ƙare, nan waƙar ke tsayawa, a tsakiya. Sauran yana kaina ne kawai, abin da kunnena ya tsinta ina masifa a kicin. Ina rera masa da hanci, yana bi. Wani makon in tuna, wani makon ya ɓace mini.

Bulus bai bar gida mai bene ba. Ya bar alkawarin da ya ɗauka wa baƙo, ni na karya masa shi, ni ce kuma nake ɗinkewa da tsufana. Mutum ɗaya aka ce. Allah ya bar mini kaina har Emeka ya kai ƙarshen waƙar nan, daga nan in an kira ni zan iya haɗa ido da mijina.