Ranar da aka gwada nonona

Ɗana na fari yana da wata huɗu ya fara zawo. Zamanin Nasara ne, da kaka, maza duk sun tafi kai gyaɗa Magariya. Uwar mijina, da nake kira Inna, ta ce nonona ne ya yi tsami. Ta sa na tatsa a ludayi, ta jefa tururuwa a ciki. In ta fito, nono lafiya. Tawa ta yi ta juyi har ta daina motsi.

Daga ranar aka hana shi mama, ana ɗura masa ruwan tsamiya da ɗan gari. Ba mugunta ba ce, Inna ta binne 'ya'ya uku. Kwana biyu ina kallon maɗigarsa tana faɗawa, ƙirjina kuma ya cika yana zafi.

Na roƙe ta muka hau jaki zuwa gidan likita. Majo, babban mai ba da magani, mutumin Damagaram ne. Da ya ji labarin tururuwa bai yi dariya ba.

"Inna, ko a randa kika jefa ta ai nutsewa za ta yi. Bari mu ga tawa tururuwar."

Ya yago 'yar takarda mai gwada tsami ya tsoma a nonon da na tatsa a bayan labule. Ta koma koriya. Ya tsoma wata a goran tsamiyar da muka zo da shi, nan take ta yi ja. Ya jera su kusa da wani kwali mai launuka da lambobi.

"Nonon bakwai, daidai da ruwan sha. Tsamiyar uku."

Na ce, "Malam, ashe nawa ya fi yawa?"

"A'a, ƙanwata. Lambar tana sauka ne in tsami ya hau. Kowane taki ɗaya ninki goma ne."

Inna ta ce ai tana sirkawa da ruwa. Ya ce ludayi ɗaya na tsamiya, ko ta zuba masa tara na ruwa, taki ɗaya kawai zai matsa, in ma ya matsa.

Ta daɗe tana duban takardun nan biyu. Ban san ko lissafin ya shige ta ba, ni ma sai a hanya na ƙirga shi da yatsu. Can ta kwance yaron daga bayanta ta miƙo mini.

"Ba shi. Me kike jira?"

Da ƙyar ya kama, don ya galabaita. Da ya fara ja, sai na ga Inna ta ɗauki koriyar takardar ta ƙulle a bakin zanenta.