Gurbin Taɓarya a Waƙar Anti Dalsi

Wata Juma'a a damunar 2005, Baba ya tafi Masallacin Huaisheng a birnin Guangzhou inda muke zaune, Umma ta jawo turminmu zuwa baranda. Daga Kano ta yi dakon turmin nan har unguwarmu ta Liwan, wai yajin inji ba ya ƙamshi. Tsohon da ke zaune a gidan ƙasan benenmu kuwa, da ya ji daka sai ya hau zungurin silin da sandar shara.

Lokacin ina 'yar firamare, ga rawar kai ga bakin waƙa. Maƙwabciyarmu Anti Dalsi, 'yar Jamaika mai sarin wandunan jins a garin Xintang, ita ta koya mini wata waƙa ta kakarta, a kan wata mata da ke jiran jirgin ruwa ya dawo. Kowane layi sai an yi shiru a tsakiyarsa kafin a ci gaba. Shirun nan ya daɗe yana cin ranta. Ta ɗauka kalmomi ne ta manta, ga kakar ta rasu, ga 'yarta can gida Jamaika da take so ta bar wa waƙar cikakkiya.

Ranar muna lugude ni da Umma, na ja waƙar don kawai bakina ba ya zama. Wallahi sai ga taɓarya tana faɗawa daidai cikin shirun, tawa ɗaya, ta Umma ɗaya. Umma ta cilla tata sama, ta tafa, ta cafe, ta ce in ruga in kira Anti.

"Dalsi, ba abin da kika manta," in ji Umma, ni ina tafinta. "Waƙar daka ce. Nan wurin na taɓarya ne."

Anti ta ce lalle a tsakar gidan kakarta akwai wani tsohon turmi da aka shuka fure a ciki, kuma ana cewa kakanninsu daga gaɓar Afirka aka kwashe su. Wace ƙasa, ba mu sani ba, har yau. Ta karɓi taɓarya tana dariya tana hawaye, ta kusa kifar da yajin. Tsohon ƙasa ya zunguri silin har ya gaji, mu kuwa daɗi ya hana mu ji.

Yanzu a Kano inji ke niƙa mini yaji, kuma rabona da Anti tun da muka baro Guangzhou, ina kewarta ƙwarai. Na koya wa 'ya'yana waƙar. In an zo wurin shirun, sai su tafa.