Mukhtaru na Tafkin Taliyan

Waɗanda suka san Mukhtaru a ƙarshen rayuwarsa, ɗan dako suka sani. Yana cikin ƙartin da ke ɗaukar shibriyya, gadon katakon nan da ake ɗora tsoho a kai a kewaya Ka'aba da shi in ƙafarsa ta gaza. Ba mai yawan magana ba ne, kuma yana da wata ɗabi'a da ke ba abokan aikinsa dariya. Ko rana na ƙona ƙeya, da iska ta kaɗa sai ya tsaya cak, ya juya gabas yana shaƙa kamar wanda ya ji ƙauri. Ba su san ya taɓa mallakar mota ba. Ni na sani, don mijin yayata Ummulkhairi ne, kuma a kan idona motar ta tafi.

A unguwar Utaibiyya, nan Makka, aka haife shi. Larabci ya fi zama a bakinsa, Hausarsa duk ta karkace, ni kuwa ban taɓa raga masa ba, tunda ƙanwar mata ce ni, tsokanarsa halaliyata ce. Sawwag nake ce masa, wato direba, shi kuma ya ce mini amaryar gobe. Amma akwai abu ɗaya da uwarsa ta ɗura masa wanda ko a ƙauyen Kano sai an tona kafin a sami irinsa, shi ne kunyar suruki. In ya hango Babanmu a layin Mansur sai ya canza hanya. In babu hanyar canzawa, ya tuɓe takalma ya durƙusa har Baba ya wuce. Bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa kallon fuskarsa ba, bayan gaisuwa bai taɓa faɗa masa magana kai tsaye ba. Baba ma haka yake so. Duk abin da ke tsakaninsu ta bakina yake bi, ko da suna jin numfashin juna.

Yana saurayi ya yi wa wani Bataliye tuƙi, ɗaya daga cikin masu awon hanya da suka yi aiki a duwatsun da ke tsakaninmu da Ɗa'ifa, can bayan iyakar Harami. Mutanen nan sun tare bakin wani kwari da duwatsu don su tara ruwan aikinsu. Da suka gama suka tafi, ruwan ya zauna abinsa, kore shar. Bataliyen ya taɓa nuna wa Mukhtaru hoton wani tafki na ƙasarsu, da jiragen ruwa da gidaje a jikin dutse, ya ce a can akwai masu cin abinci da wannan kawai: su ɗauki baƙo da safe, su kai shi ya ga ruwa, su dawo da shi da yamma. Maganar ta zauna wa Mukhtaru. Ya lallaɓa ya sayi wata tsohuwar mota ruwan toka, doguwa kamar kwalekwale, ya kama sana'ar. Ba ya haɗa baƙi. Gida ɗaya yake ɗauka a rana, da tabarma da butar shayi da tukunyar shinkafa a bayan mota, yana tafe yana faɗa musu sunan kowane dutse. A garin da ake sayen ruwa a garwa, mutane ba sa ƙyashin biya don su je su zauna su kalle shi. Tafkin Taliyan aka sa wa wurin, ko da yake in ka ga hoton can ka ga namu, kududdufi za ka ce.

Babanmu, wanda mutanen Mansur ke kira Malam Tsoho mai tasbaha, masunci ne a da. A bakin tafkin Cadi ya tashi, daga can ya taso da mu a ƙafa ta Sudan. Tun da ya sauka daga jirgi a Jidda bai ƙara ganin ruwan da ya fi na randa ba. A sanyin shekarar 1966 gwiwoyinsa suka kumbura, ya daina fita kasuwa, ya fara wata magana da ba na so, wai yana mafarkin ruwa. Rannan Mukhtaru ya zo gaisuwa, yana durƙushe a bakin ƙofa, sai Baba ya dubi bango ya ce, "Hajo, ki tambayi mijin yayarki, ruwan nan nasa da ake faɗa, akwai kifi a ciki?"

Mukhtaru ya dubi ƙasa ya ce, "Hajo, ki gaya wa Baba ranar Asabar motar tasa ce."

Ummulkhairi na da tsohon ciki, ba ta je ba. Ni aka tura, bazawara mai baki, don in ba ni babu mai yi musu tafinta.

Tun a hanya ranar ba ta kwanta mini ba. Mukhtaru ya karkatar da madubin mota don kada idonsa ya faɗa kan fuskar Baba, kuma mutumin da ya saba cika baƙi da surutu ya yi gum. Baba na baya cikin rigarsa ta Juma'a da rawani, yana ta murmushi shi kaɗai. Daidai inda za mu bar kwalta muka ci karo da wata Balarabiyar daji tana kora awaki sama, da gudu, ba irin korar kiwo ba. Ta ɗaga sanda ta nuna wajen Ɗa'ifa, ta ƙwala wata magana da ban kama ba. Mukhtaru ya rage gudu, ya leƙa sama. Sama tas, ko ɗigon gajimare babu. Sai ya taka mota.

A ƙa'idarsa, a kan tudu yake barin mota, baƙi su gangara da ƙafa. Ranar, saboda gwiwoyin Baba, ya bi wata doguwar hanya mai kwana-kwana ya sauka har cikin kwarin, ya bi yashi ya tsaya a bakin ruwa.

Ba zan yi ƙarya ba, wurin ya yi kyau. Baba ya tuɓe takalma, muka riƙe shi ni da sandarsa ya zauna ya tsoma ƙafafu. Ya ɗebi ruwan a tafi ya sunsuna, sai na ga hawaye na bin gemunsa. Ya shiga lissafa mini sunayen kifaye, karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa, kamar yana kiran 'yan'uwansa. Na hura gawayi na ɗora shayi. Mukhtaru ya koma can bayan wani dutse ya zauna, don kada a ce ya ci abinci a gaban suruki.

Bayan azahar abubuwa suka fara canzawa, a hankali. Ummulkhairi ta sha ba ni labarin biran wurin, wai ba ka isa ka buɗe ƙullin burodi ba sun kewaye ka. Mun ci mun ƙoshi ko ɗaya bai sauko ba. Da na ɗaga kai na hango su can ƙolin dutse, a jere, shiru, dukkansu suna duban inda kwarin ya fito. Sai wata iska mai sanyi ta biyo kwarin, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ban ji wannan ƙamshin ba tun ina yarinya, amma maimakon daɗi tsikar jikina ce ta tashi. Can saman tafkin, inda ruwa ke shigowa, koren ya fara komawa kalar kunu. Karmami da kashin raƙumi suka fara yawo a kai.

"Hajo."

Mukhtaru ne, kuma ba amaryar gobe ya ce ba. Na tashi na nufe shi. Na same shi a tsaye bayan dutsen.

"An yi ruwa a duwatsun Ɗa'ifa," ya ce. "Sel na tafe."

Duk ɗan Makka ya san sel. Ruwa ne da ake yi a wata uwa duniya inda ba ka gani, ya taru ya biyo kwari lokaci ɗaya, kai kana zaune cikin rana.

Na ce, "To me muke jira?"

Ya dubi ƙasa. "Ki gaya wa Baba, ko zai yarda mu ɗan koma sama. Inuwa ta fi kyau a can."

"Inuwa? Sawwag, ka ce masa ruwa zai cinye mu!"

"Wallahi ba zan iya ce wa Baba ya tashi ba."

Na je na faɗa wa Baba yadda take, ban sa inuwa a ciki ba. Ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya dubi yamma, a natse, irin duban da ya yi shekaru yana yi daga cikin kwalekwale. Sannan ya yi 'yar dariya.

"Ki gaya wa mijin yayarki, a kan ruwa na yi wayo. Ruwa ba ya zuwa sai ya aiko da hadari. Ina hadarin?"

"Baba, nan ba Cadi ba ne."

"Sama ɗaya ce. In na yi la'asar a bakin ruwan nan sai mu tafi."

Ya jawo buta. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci da su duka biyun. Ɗaya ya san ruwan wata ƙasa ya ƙi jin na wannan, ɗaya ya san na wannan ƙasar sarai amma kunya ta ɗinke masa baki. Baba ya yi alwalarsa a tsanake, har da tsefe gemu, ya gyara zama a kan buzu, don a zaune yake salla, ya ta da kabbara.

Na ce wa Mukhtaru ya hau da motar tun da sauran dama. Ya dubi motar, ya dubi doguwar hanyar da muka sauko ta kai, ya dubi bayan Baba. Ya girgiza kai. In ya tafi, ya ce, wa zai tsaya? Ya nuna mini wata 'yar hanyar awaki a jikin dutse ya ce in hau, kada in waiwaya.

Na hau, amma na waiwaya. Daga sama na ga tsoho cikin fararen kaya yana ruku'u a zaune, ga wani ƙato tsaye a bayansa, ba takalmi, hannuwa a harɗe, kai a sunkuye. Ruwan ya riga ya taɓa gefen buzun. Baba bai taɓa gaggawa a salla ba, ranar ma bai yi ba.

A tafin ƙafata na fara jin abin kafin kunnena ya ji. Dutsen ya ɗauki rawa. Sai ƙara, kamar manyan motoci sun jero daga nesa. Biran suka fashe da ihu gaba ɗaya. Da na dubi kwanar kwarin na ga sel ɗin, jajawur, ya fi tsayin ɗaki, da itatuwa a tsaye a cikinsa.

Baba yana tahiyar ƙarshe, yatsansa a miƙe.

"Gum, ya shaiba!"

Wato tashi, tsoho. Irin tsawar da ake daka wa tsohon da ya tare hanya a kasuwa, ita Mukhtaru ya daka wa surukinsa. Bai jira amsa ba, ya cafki ƙugunsa ya saɓa shi a kafaɗa kamar buhun shinkafa ya zura da gudu. Baba na dukan bayansa da hannu biyu. Rawani ya warware ya faɗi. Kafin su kai gindin dutse ruwan farko ya kai wa Mukhtaru cinya, ya yi tangaɗi, na runtse ido ina salati. Da na buɗe yana hawowa, hannu ɗaya a dutse, ɗaya a ƙafafun Baba, jini na zuba daga gwiwarsa.

Motar kuwa ta ɗaga a hankali, ta juya gabanta gare mu, sannan ta kife. Ta daki katangar da Taliyan suka tare kwarin da ita, katangar ta buɗe, suka wuce tare.

A kan tudu Mukhtaru ya sauke Baba, ya juya masa baya da sauri. Baba na zaune kai a buɗe, ƙwalƙwal, a gaban surukinsa, abin da ban taɓa gani ba. Mukhtaru ya cire mayafin kansa ya miƙo ta baya, bai juyo ba. Baba ya karɓa ya rufe kai. Ƙasa na ta ruri a ƙarƙashinmu. Na zaci godiya ce za ta fito. Da Baba ya buɗe baki sai ya ce, "Hajo, ki gaya wa mijin yayarki ya katse mini salla."

Mukhtaru ya ce, "Ki ce ya yafe mini."

Na faɗa, Baba ya kau da kai. Wata motar ɗaukar kayan lambu ce ta kawo mu gida.

Babu mota, babu tafki, sana'a ta ƙare. Mukhtaru ya shiga ɗaukar shibriyya, da ita ya ciyar da ɗan da Ummulkhairi ta haifa da waɗanda suka biyo baya. Bai taɓa kukan motar a gabana ba. Abin da ya ci shi daban ne: ya daina zuwa ƙofar Baba. Nama zai aiko ta hannuna, ya aiko magani, amma shi ko layin ba ya bi. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi tsokana, duk a banza. In na matsa masa sai ya ce da wane ido zai je. In na matsa wa Baba sai ya ce shi ba su yi faɗa da kowa ba. Ummulkhairi ta yi kuka har ta gaji.

Baba ya ƙara wajen shekara biyu. A ciwonsa na ƙarshe, ina ba shi ruwa a cokali, ya riƙe hannuna ya dubi bango kamar yadda ya saba.

"Hajo, in an kai ni maƙabartar Ma'ala, ki gaya wa mijin yayarki shi zai sa ni a rami. Kada a ba wani. Shi ya iya ɗaukata."

Shi ne saƙo na ƙarshe da na kai tsakaninsu. Mata ba sa zuwa maƙabarta, maza ne suka ba ni labari. Sun ce tun daga bakin ƙofa Mukhtaru ya tuɓe takalma. Ya sauka cikin ramin ya karɓi Baba shi kaɗai, ya kwantar da shi, ya lalubi fuskarsa da hannu ya juya ta alƙibla. Idonsa kuwa na kan bangon ramin har ya fito.