Ranar da likita ya nemi bugun jini a ƙafar Baba bai samu ba

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da fara aiki a Abuja ba, mahaifina ya ɓullo da wata sabuwar ɗabi'a. Daga gidanmu a Bagama zuwa masallaci ba nisa, amma sai ya tsaya sau uku a hanya, ya gaisa da mai shago, ya tsaya wajen tela, ya jingina da katanga. Ni kuwa da wayona har tsokanarsa nake yi, wai tun da ya bar tuƙin tirela ya zama mai son hira. Ashe ƙafarsa ce ke ɗaurewa da ciwo, sai ya tsaya ta sake shi.

Wata Asabar na same shi a tsakar gida yana alwala, na ga babban yatsan ƙafarsa ta dama ya yi baƙi. Takalmi ne ya ɗan goge shi makonni da suka wuce, ciwon ya ƙi warkewa. Na kai hannu na taɓa ƙafar. Sanyi ƙalau, ga rana tana dukanmu.

Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake ce mini Uwata. Ya janye ƙafar ya ce, "Uwata, bar shi, ina shafa masa man zafi."

Ban bari ba. Litinin ban je aiki ba, na kai shi asibiti. Likitan ya ɗora yatsunsa a bayan ƙafar, ya matsa gefen idon sawu, ya koma, yana neman bugun jini bai samu ba. Can ya ce, "Baba, kana shan taba?" Baba ya kalle ni, ya sunkuyar da kai ya ce ya sha ta shekaru da yawa a kan hanya.

Bayan an yi hoton jijiyoyin, likitan ya zana mana a takarda. Ya ce duk inda jiki ya ji rauni, wurin yakan aika kira cikin jini. Sai fararen ƙwayoyin jini su taho, su rage gudu, su manne a bangon jijiya, su ratsa su shiga su yi gyara. Ya ce hayaƙin taba da hawan jini sun daɗe suna cin bangon jijiyar Baba, kitse yana shiga ƙarƙashinsa. Bangon ya yi ta kira, ƙwayoyin suna zuwa suna haɗiye kitsen, su kasa fita, su mutu a wurin, mutuwarsu ta jawo wasu. A haka tarin ya girma har hanyar jini ta kusa toshewa.

Na ce, "Likita, za a yanke ƙafar?"

Ya ce, "Yatsan dai ya tafi. Ƙafar za mu yi ƙoƙari. Kuma sai mun duba zuciya, don abin ba ya tsayawa wuri ɗaya."

A mota muna dawowa, wajen Gauraka, Baba ya ce a hankali, "Kada ki gaya wa mahaifiyarki maganar zuciyar." Na ce to. Ina shiga gida na gaya mata, ina kuka.

Ranar da aka yi masa tiyata, tun safe har la'asar ni da mahaifiyata muna kan benci. Duk buɗe ƙofa sai na miƙe. Alhamdulillahi an buɗe jijiyar, jini ya sauka, an cire yatsan kawai. Zuciyar ma an samu abin ya fara taɓa ta, aka ɗora shi a kan magani. Yana nan da ransa, yana takawa da sanda.

Har yau abin da ke ba ni tsoro shi ne, shekaru wannan abu yana taruwa a jikinsa muna cin abinci tare, muna dariya, babu wanda ya ji komai. Bara na daure na je aka gwada jinina. Na fi rabin awa zaune da takardar sakamakon a hannu kafin na iya buɗewa. Kitsen da ke cikin jinina ya ɗan hau. Da na nuna wa Baba, ya daɗe yana kallon takardar duk da ba ya karanta Turanci, sannan ya ce, "Gobe ni zan raka ki wajen likita."