Inna da mai tallafin taki

Ina shiga gida a ƙauyenmu na Tsanyawa, na tarar da kakata Inna tana ɓarar gyaɗa, waya a kunne. Wani ne ya kira, wai an sa ta a tallafin taki, yana so ta karanto masa lambobin katin bankinta. Ga shi kuwa kuɗin gyaɗarta na bana duk suna bankin.

Sai na ji ta ce, "To yaro, ɗan gidan wa ne kai? Wane ne babanka?"

Nan take ya kashe wayar.

Ta dube ni ta ce, "Wanda ya kasa faɗin sunan ubansa zan ba amana?" Ta ci gaba da ɓararta.

Alhamdu lillahi, tamu ta tsira. Ku naku tsofaffin fa, me suke cewa in aka kira su?