Duwatsun da Kawu Nomau ya jera a gindin poto

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Kawu Nomau, wan mahaifiyata. Farkon damina ne kamar yanzu, ana cikin noman fari, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana biyar, Allah Ya karɓi abinsa. Ba malami ba ne, ba mai sarauta ba, ko ƙofar lakwal, makarantar boko, bai taɓa takawa ba. Manomi ne a ƙauyenmu, nan kusa da Badagishiri. Na san in na haɗa sunansa da zancen manyan layukan wuta da gyaran doka, wasu za su ce yaron nan kansa ya yi zafi. Ku yi mani haƙuri ku ji dai.

Babban layin wuta ya ratsa ta gonar Kawu. Ba irin wayar cikin gari nake nufi ba, wadda ake rataya wa a iccen siminti. Manyan nan nake nufi, masu dogon ƙarfe saƙaƙƙe kamar tsani, mu poto muke ce mishi. Ɗaya daga cikinsu ya zauna a ƙarshen gonar ta gangare, ƙafa huɗu, kowace ƙafa bisa dunƙulen siminti. To daidai nan ne ruwan tudu ke saukowa in anka yi sama. Wata ƴar ƙorama ce a lokacin, akuya ma tsallake ta take yi.

Kowace shekara, tun zafi bai gama karyewa ba, Kawu zai ɗaura ma jakinsa amalanke, ya hau tudu, ya yi ta kwaso dutsi. Ya jera shi layi-layi a saman poton, irin jerin nan da muke ce ma gandari, don ruwa ya rage gudu, ya aje ƙasar da ya ɗauko. Wanda damina ta rusa ya gyara, ya ƙara wani. Babu wanda ya sa shi. Ƙauyenmu ma ba shi da wuta, layin ta bisa kawunanmu yake wucewa, har ya mutu ɗakinsa bai ga ƙwan lantarki ba. Mutane na mishi ba'a a bakin masallaci, suna ce mishi mai gadin gwamnati. Amsarsa guda ce kullum: "Wanga abu ba nawa na ba. Amma ran da za shi faɗuwa, bisa hatsina za shi kwanta." Ni ma ina cikin masu dariyar, ba zan ɓoye ba.

Yanzu ina gyaran salula da haɗa sola a kasuwar Badagishiri. Ba wanda ya koya mani, bidiyo ne a waya, da wani yagaggen littafin Faransanci da na tsinta wurin masu tsohon kaya a Ƙonni, ina haɗa baƙi da ƙyar. Ranar da na gane dalilin da ya sa ake ɗaga ƙarfin wuta kafin a tura ta nesa, wallahi kamar in tare mutane a hanya in gaya musu. Wuta in za ta yi doguwar tafiya da ƙaramin ƙarfi, zubewa take yi a hanya, waya ta ɗauki zafi, abin da ya isa bai taka kara ya karya ba. In anka ɗaga ta sama sosai, sai ta tafi nesa ba ta rage da yawa ba, a sauke ta a bakin gari. Shi ya sa poton ke da tsawo haka, shi ya sa kake ganin farantan gilashin nan a jere tsakanin waya da ƙarfe. Wutar da ke ciki ba sai ka taɓa ba, in ka matsa ita ke tsallakowa ta same ka. Kuma layi irin wanga ba shi da ɗan'uwa. Poto guda ya kwanta, duk garuruwan da ke bayansa sun shiga duhu: firijon allurar yara a likita, injin niƙa, pampon gari, masu walda, duka.

Don haka da na fara jin ana zancen gyaran tsarin wuta a rediyo, murna na yi, har yanzu ina yi. Ana cewa a ƙara manyan layuka, a haɗe jihohi da juna, yadda in gefe guda ya yanke wani gefen zai ɗauka. Mu da munka ɗanɗana abin da ke faruwa in wutar da ke shigowa daga maƙwabta ta tsaya, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ana cewa a buɗe ma masu jari su zuba a ginin layi, a bambanta mai yin wuta da mai dakon ta da mai saida ta, a ba masu sa ido haƙora, a rage zaman da takardu ke yi a buro, wato ofis, kafin a soma aiki. Kuma an yi gaskiya, ko an cika ƙasar nan da sola da injuna, in babu hanyar da wutar za ta bi, tana nan inda anka yi ta. Wani mai lodin siminti daga Malbaza ya ce mani su ma zancen da suke yi ke nan in sunka zauna jiran layi. Duk na yarda. Sai dai duk sauraron da nake yi, sama ake kallo. Ban ji wanda ya duƙa ya dubi gindi ba.

Bari in faɗi abin da munka yi, don da hannuna a ciki. Bayan rasuwa anka raba gado, ɓangaren da poton yake ya faɗo ma Sha'aibu, babban ɗan Kawu. Ni ɗan mace ne, ba ni da ko taki ɗaya a gonar. Shekara biyu bayan nan Sha'aibu ya tashi gina ɗaki, yana neman dutsin da zai sa a tushe. Tudu da nisa, ga dutsi nan a jere, zaɓaɓɓe, an riga an kawo shi ƙasa. Ni na kora jakin. Kwana uku munka yi, munka kwashe duk wanda ido ke gani. Ko a raina ban ji komi ba, har waƙa nake yi bisa amalanken.

Damina ta farko ba a ga wani abu ba. Ta biyu ƙoramar ta buɗe baki. Yanzu in mutum ya shiga cikinta, daga gona ba ka hango hularsa. Kuma ba tsaye take ba, kowace shekara tana cin gefen da ke kallon poton. Bara bayan girbi na auna da ƙafata, daga gaɓa zuwa simintin ƙafar da ta fi kusa, taki goma sha ɗaya. Kafin saukar ruwan bana, da ƙasar ta bushe ta yi ta zubewa da kanta, na sake aunawa, takwas. Da safe in akwai laima a iska, kana tsaye wurin kana jin wayoyin na tsaki a sama, ƙasa kuma na tsagewa a hankali ƙarƙashin takalminka. Hanyar da mata ke bi zuwa rijiya ta ƙarƙashin layin ta bi.

Na tafi wurin Sha'aibu. To ga inda abin ya ɓaci: taubashina ne. Tun muna ƙanana ba mu taɓa yin magana ba wasa a ciki, in na ce mishi gidansa na cin wuta sai ya tambaye ni ko na zo da nama. Na same shi yana gyaran hauya, na ce mishi poton nan za shi faɗi.

Ya ce: "A'a, injiniyan salula ya iso. Bawana, zo ka riƙe mani ƙotar nan tukuna, in ka gama sai ka tai ka riƙe poton."

Na ce: "Sha'aibu, yau ba wasa ya kawo ni ba."

Ya ce: "Haka ka ce ranar da ka ƙone mani rediyo. Kai da ko kaza ba ka gada ba, mi ya haɗa ka da gonar mutane? Ba ka ga allon da ke jikinsa ba, da ƙoƙon kan mutum? Masu abu sun ce kar a taɓa. Ni ban taɓa ba."

Mutanen da ke wurin sunka yi dariya, ni ma bakina ya yi dariyar, don haka anka saba. Na taso na bar wurin.

Na hau mota na tafi wani buro na masu wutar lantarki da hotuna a wayata. Mutumin da na samu ya karɓe ni da mutunci, ya duba, fuskarsa ta canza. Ya ce su nasu aikin na cikin gari ne, babban layi wasu ke da shi, amma zai tura. Na yarda ya tura. Ban san teburi nawa hoton zai hau kafin ya kai ga mai zuwa da kaya ba. Abin da ya tsaya mani a rai, mutumin kirki ne, yana son ya taimaka, amma babu wata takarda a gabansa da ta ce ga abin da ake yi in manomi ya zo da irin wagga magana.

Nakan ce da Kawu na nan, mi zai ce da wanga zamani? Bana masu awo sun ratsa ta tudunmu, sun kafa turaku masu jan fenti, an ce wani layin ne za a ja, wanda ya fi wanga girma. Na san zai je ya tsaya kan kowane turke, ya dubi inda ruwa ke bi. Ba zai ƙi layin ba, mutum ne mai son ci gaba, shi ya fara kai ɗiyansa mata allura a ƙauyen. Tambaya guda zai yi, wa zai riƙa zuwa bayan an yanke kirtanin bikin buɗewa an watse? In an raba aikin gida uku, mai yi da mai dako da mai saidawa, ƙafar poton ta wane ce a cikinsu? Mai jarin da ya gina ya tafi, ya san ƙoramar ƙauyenmu?

Ni ba masani ba ne, amma ga roƙona ga masu rubuta sabuwar doka. Ku sa layi biyu na rubutu a ciki saboda abin da ke ƙasa. A rubuta wanda ke da alhakin gindin kowane poto, da suna, yadda ba za a tura mutum gaba ba. A sa lamba a jikin ƙarfen wadda in an kira za a ɗauka, kusa da ƙoƙon kan nan da ke korar mutane. A san da zaman mai gona, a nuna mishi abin da ya halatta ya yi da inda zai tsaya, tun da shi ke ganin wurin kowace safiya. Kuma kafin a kafa sabo, a tambayi tsofaffin wurin ta ina ruwa ke saukowa. Mai awo da rani yake zuwa.

Da na ga ba ni da bakin da Sha'aibu zai ji, sai na kai ƙara wurin innata. Ita gwaggonsa ce, ba ya wasa da ita. Ta aika ya zo, ya durƙusa. Ya ce: "Gwaggo, dutsin yana ƙarƙashin ɗakina, ɗiyana na kwana bisa. In rushe?" Ta ce ba ta ce ya rushe ba, ya dai ba ni amalanke, ya bar ni in shiga gonar. Ya ba ni. Ranar bai ce mani bawansa ba, kuma rashin faɗin ya fi tsorata ni.

Sati biyu ina hawa tudu kafin in tafi kasuwa. Na jera layi uku a saman ƙoramar, nesa da ƙarfen, na tsaya ina kallon aikina ina jin daɗi. Ruwan farko mai ƙarfi ya kwashe biyu, na ukun ya zagaye shi ta gefe ya ci gaba da abin da yake yi. Ashe jera dutsi ba tara dutsi ba ne. Na san dalilin da ya sa wuta ke gudu a waya, ban san yadda ake zaunar da dutsi ya tare ruwa ba, kuma wanda ya sani na tsaya ina mishi dariya.

Amma ruwan nan ya tone wani abu. Da na sauka cikin ƙoramar washegari, gaɓar ta zube har saura taki biyar, sai ga wasu manyan duwatsu a binne, a jere, kowane ya ciji ɗan'uwansa, an cusa ƙanana a tsakani. Sun yi baka sun rungume ƙafar poton ta gefen ruwa. Babu wanda ya san da su, har Sha'aibu. Kawu ya haƙa ya binne su tun wace shekara, Allah kaɗai Ya sani, ƙasa ta rufe. Da mun gan su wancan lokacin, da suna ƙarƙashin ɗaki.

Kawu Nomau bai bar rumbu cike ba, gonarsa ta rabu huɗu, gandarinsa mun kwashe, iyawarsa ta bi shi kabari. Abin da ya rage nasa shi ne wanga jeri guda, kuma shi ke riƙe da wutar mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba. Allah Ya jiƙanshi, Ya yafe mana. Na ƙirga duwatsun ranar, goma sha huɗu. Shekaranjiya anka sake ruwa, na koma na tarar biyu na bakin gefe sun tafi. Damina ko wata ɗaya ba ta yi ba.