Dogon da Inna Ta Shimfiɗa zuwa Numan

Muna idar da sallar asuba muka bar gida a Makera, ni da Inna mahaifiyata, da maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Kagoro mai sayar da kayan miya a kasuwar Kakuri. A ƙafa muka taka zuwa babbar tashar jirgin ƙasa, ni da buhu a ka kamar ɗan dako, su biyu a baya suna hira. Ba tasi muka rasa ba. Tun ranar da babbar mota ta kife da mahaifinmu a hanyar Birnin Gwari ya rasu, shekaru da dama ke nan, Inna ba ta sake sa ƙafa cikin mota ba. In biki ne a Tudun Wada, a ƙasa za ta haye gada ta je ta dawo. Zariya ko Kano kuwa sai jirgi. Inda dogo bai je ba, sai dai ta aika da gaisuwa.

Ga abin da ya tashe mu. Autarmu ce ta haihu a Numan, can jihar Gongola, inda mijinta ke aiki a kamfanin sukari. Haihuwar fari ce, bisa al'ada gida za ta zo wankan jego, amma abin ya zo mata da wahala, likita ya hana ta doguwar tafiya. Uwar mijin ta rasu, ba kowa a kanta sai maƙwabta. Shi kuma dogo daga Gombe karkata yake yi ya nufi Maiduguri, ba ruwansa da Numan. Na gaya wa Inna haka ba ɓoye-ɓoye, na ce daga Gombe sai mota. Ta ci gaba da dakan yajinta, ta ce mu je dai, in mun kai can ma gani. Yayyena mata suka ce asarar hutuna kawai zan yi, a Gombe za mu juyo. Ni ma a raina haka na zata.

Jirgin da aka ce na sassafe ne bai iso ba sai da hantsi ya dubi ludayi, kuma ba wanda ya yi ƙorafi, don an saba. Ni dai duk zamana kusa da tashar nan, kullum ina wuce ta in za ni masaƙa, ban taɓa tsayawa na dube ta da kyau ba sai ranar. Nan ne layin Ikko da na Fatakwal da na Kano suke haɗuwa. Ga Yarabawa da kwandunan goro, ga matan Tibi da doya, ga sojoji da akwatunan ƙarfe, kowa da harshensa, amma in za a yi faɗa kan wurin zama da Hausa ake yi. Muka kutsa taragon talakawa muka sami benci. Inna ta sa na cusa buhunta a ƙarƙashin ƙafarta: kanwa ce a ciki, da gero, da yaji, da daddawa, da ƙwaryar da aka yi mata nata wankan da ita.

Ƙarshen damina ne, ƙasa ta sha ta ƙoshi. Muna barin hayaƙin Kakuri sai kore ta ko'ina, dawa ta fi mutum tsawo, rafuka cike suna wucewa ƙarƙashinmu. A kowace tasha mata na ɗaga tire sama su kai bakin taga, ayaba, dafaffiyar gyaɗa, zuma a kwalba, ɗanyar citta mai ƙamshi. Arahar ta ba ni haushi. Mu da ke bin layin sabulu da madara a Kaduna tun da aka shiga wannan zamani na tsuke bakin aljihu, ashe nan kusa da mu abinci na neman mai ci.

Wajen Zonkwa hira ta kankama. Wani Basakkwace mai fataucin albasa ne a gabanmu, ya sayi rake ya raba wa kowa, yana fiƙa yana mita. Ya ce kafin ya ga ƙarfen dogo sai ya sha wuya a bayan babbar mota, rabin albasar ta lalace.

"Dogo ya taho har Ƙaura ya tsaya, kamar wanda anka yi wa iyaka," in ji shi. "Mi Sakkwato ta yi musu?"

Ya ari babban tiren maƙwabciyarmu ya kife a cinyarsa, ya jera ɓawon rake biyu daga ƙasa zuwa sama, ɗaya daga Ikko, ɗaya daga Fatakwal, ya haɗa su a Kaduna, ya fitar da rassa zuwa Nguru da Maiduguri da Ƙaura. Ya ce ga duk abin da muke da shi. Sannan ya ƙara nasa, daga Ƙaura zuwa Sakkwato, ya gangaro da shi Birnin Kabi da Yawuri. Wani ma'aikacin gwamnati ɗan Tibi da ke gefe ya ce ai shi ma da bakinsa, ya ja layi daga Makurɗi ta Gboko zuwa Wukari. Maƙwabciyarmu ta ce su matsa, ɗanta na aikin birkila a Abuja, sabon birnin da ake ginawa, ta ɗora nata daga Kakau ya miƙe kudu. Ni na kai Katsina daga Kano, na kuma haɗa Nguru da Maiduguri ta Gashuwa. Kafin a jima mutanen bencin baya sun taso sun yi mana rumfa. Wani ya sa na bakin teku, Ikko zuwa Bini zuwa Kalaba, wani ya ce a bi ta Lakwaja, har aka yi gardama kan inda za a kafa gada.

Da na dubi tiren sai tsigar jikina ta tashi. Aikina saƙa ne, na san zaren tsaye komai yawansa ba ya zama yadi sai an ratsa shi da na kwance. Dogon da aka bar mana duk zaren tsaye ne, an shimfiɗa shi don gyaɗa da auduga da kuza su gangara teku, ba don mu ziyarci juna ba. Ga shi a kan tiren mai kayan miya, baƙin juna sun saƙa ƙasar kaf. Na hango mutum ya karya a Sakkwato ya kwana a Kalaba bai sauka ba. Na hango kifin Baga a kasuwar Bini da sauran ɗanyensa. Ban taɓa jin girman ƙasar nan a jikina kamar lokacin ba.

Duk wannan idon Inna na kan tiren. Can sai ta miƙo hannu ta ɗauki wani ɗan guntun ɓawo, ta tambayi Basakkwacen ina ne Gombe. Ya nuna mata. Ta ce Numan fa? Ya nuna wani fili da ba wanda ya sa komai. Ta ɗora guntun a tsakani, ta danna shi da yatsa. Maƙwabciyarmu ta yi wa mutanen bayani a taƙaice, cewa Inna ba ta shiga mota. A kan tiren guntun bai fi ɗan yatsa ba.

Bayan Kafanchan muka iso Kagoro, dutsenta ya tokare sama, gajimare na zaune a kafaɗarsa. Nan maƙwabciyarmu ta sauka. Za ta karɓi tirenta, Inna ta ɗauke guntunta ta ƙulle a bakin mayafi, sauran ƙasar aka watsar ta taga.

"Inna, ki shiga motar nan fa," in ji ta daga ƙasa. "Zan sa ki a addu'a a coci ran Lahadi, ke ma ki yi taki."

Inna ta ɗaga mata hannu kawai.

Hawan Filato kuwa, duk wanda bai yi ba na tausaya masa. Jirgi ya rage gudu har mai ƙafa zai iya jera da shi, inji na nishi, muna kewaya duwatsu, in ka leƙa sai ka hango wutsiyar jirginku a ƙasa tana biyo ku. Kwarin da muka baro ya buɗe a bayanmu har iyakar gani. Sama kuma wata duniya ce: duwatsu an ɗora wani kan wani kamar da hannu, shingen kyarana kewaye da gonakin acca, tafkunan da masu haƙar kuza suka bari sun yi shuɗi. Sanyi ya shigo, Basakkwace ya naɗe kai da buhun albasa yana neman tsari. Inna ta manne da taga tana ta tasbihi. A Kuru aka juya mu gabas, muka kwana a hanya, gari ya waye mana wajen Bauci, rana ta take muka shiga Gombe.

A tashar mota Inna ta zauna kan buhunta a gindin wata dalbejiya, ta ƙi motsi. Bas ta cika ta tafi, wata ta cika ta tafi. 'Yan kamasho suka yi kiran duniya har suka gaji da mu. Ban matsa mata ba. Tausayinta ya kama ni, ga tunanin autarmu kwance a baƙon gari. Har na fara tambayar yaushe jirgin komawa zai biyo.

Ta kwance bakin mayafi ta dubi guntun ɓawon, ta mayar ta ƙulle.

"Zan shiga," ta ce. "Amma a tsakiya zan zauna, in rufe fuskata. Kai kuma duk garin da muka iso ka kira min sunansa da ƙarfi, yadda ake yi a jirgi."

Direban da ke kan layi dattijo ne mai furfura. Da na yi masa bayani bai yi dariya ba. Ya ce in haka ne shi ma zai yi nasa, kowane gari zai ja hon mai tsawo, ya tsaya ko da ba mai sauka. Fasinjoji suka yarda, har wata mata ta bar wa Inna wurinta.

Haka muka yi. Hon ya tashi, na ɗaga murya na ce Kumo! Kunya ta kama ni da farko, amma kafin Billiri rabin motar na taya ni. A Kaltungo wani dutse ya tsaya gefenmu kamar an kife turmi, na so ƙwarai ta gani, amma fuskarta na rufe. Yatsunta na cikin damtsena, har yau da shaida. Bayan Cham ƙasa ta kwanta, zafi ya sauko, gonakin rake suka shimfiɗu hagu da dama ba iyaka. Muna hawa gadar Binuwai na ce Numan, ita ce tasha ta ƙarshe. Sai ta yaye mayafin. Ruwa ne faɗi guda, rana na faɗawa cikinsa, kwalekwale kamar ƙudaje. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ashe haka Allah Ya ajiye ruwa a nan, ba wanda ya gaya mata.

Autarmu na jin muryarta a zaure ta fashe da kuka, don ta riga ta fid da rai. Inna ba ta tsaya lallashi ba. Ta karɓi jinjirin ta juya shi ta duba, ta ce kunnen kakansa ne, sannan ta tambayi inda itace yake. Kafin magariba tukunya na kan wuta, ƙamshin kunun kanwa ya cika gidan.

Na yi kwana biyu na juyo ni kaɗai, ita sai an yi arba'in. Na sake bin dogon nan a juye, na sauka Kaduna da rana tsaka ana busa jiniyar canjin aiki a Kakuri. Abokan aiki sun dame ni da tambayar me na gano. Na gano ƙasar nan ta fi ƙarfin tunanina kyau da faɗi, kuma na gano duk wanda ke cikin jirgi yana da guntun layin da ya rage masa a zuci, wani don albasa, wani don ɗansa. Da ina ɗaukar maganar sabon dogo hirar manya ce a rediyo. Yanzu na san fuskar masu jiransa.

Ranar da zan baro Numan Inna ta rako ni bakin zaure, ta kwance mayafi ta danƙa min ɓawon.

"Kai da ke kusa da tasha," ta ce, "ka kai wa masu shimfiɗa dogo. Ka ce musu nan ne suka tsaya."

Yana nan a kan tagar ɗakina, ya bushe ya lanƙwashe. Kullum in za ni aiki sai na wuce ƙofar tashar, har yau ban san wanda zan miƙa wa ba.